Dammunan Inna Masu Shuɗin Ƙyalle

Kome zan manta a duniyar nan, ban da ranar da na kwashi irin shukar mutane na kai kasuwar Bangi na sayar, har ina yi wa kaina kirari a hanya. Yanzu gemuna ya yi fari fat, jikokina ma sai na kira sunan uku kafin in dace da wanda nake nema, amma wannan abu yana nan zaune a raina kamar jiya aka yi shi.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne. Ɗan dillali ne ni, a kasuwa na buɗe ido. Lakwal kam, makarantar boko, na shiga, na yi wata biyar, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Rubutun nan da girmana na koye shi, in kun ga ya karkace ku miƙe shi da bakinku. Noma kuwa, in na riƙa hauya har awaki tsayawa suke su kalle ni.

Duk da haka, ni ne wakilin wani dattijo mai gonaki a wani ƙauye tsakanin Madawa da Buza. Yana da gonakin tudu na hatsi da dawa, yana da fadamar albasa. Ƴaƴansa maza duk sun tafi bida, neman kuɗi, Abijan, idanunsa kuma yanar tsufa ta rufe su, sai dai ya gane mutum da murya. Ni ke sayar masa da albasa ga masu kamyo, manyan motocin kaya, ni ke sayo takin zamani da esansi, wato man injin ban-ruwa, ni ke sallamar ƴan aiki, ni ke zuwa in lallashi mai kanti idan biya ya yi jinkiri. Ina ce masa Baba, shi kuma ba ya kirana sai Sarkin Wayo. Da can na ɗauka yabo ne.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ce abokiyar faɗana. Kowace kaka sai na ƙirga dammunan da suka fito gona, in sake ƙirgawa a bakin rumbu, in tarar an samu giɓi. In same ta a tsakar gida in ce, "Inna, dami guda ya yi ƙahwa." Ta ce, "To bi sawunai mana, ba kai ne mai wayo ba?" Sai ta turo mini ƙwaryar hura, in sha, faɗan ya ƙare. Abin da ya shafi iri kuwa nata ne ita kaɗai. Ni dai in ruwa ya sauka ina ganin iri ya fito cikin ƙore an tafi da shi gona. Ban taɓa tambayar inda yake kwana ba, tun da ba abin sayarwa ba ne.

A shekarar da nake ba ku labari, Inna ta rasu bayan an gama girbi. Baba bai yi kuka gaban mutane ba, amma ya daina zolayata, kuma a nan na san abin ya taɓa shi ƙwarai.

Da bazara ta yi nisa, hatsi ya yi tsada, sai ya ce in buɗe babban rumbu in fitar da dami goma in kai Bangi, a samu abin gyaran amalanke da abincin masu shuka. Na hau na buɗe. Abin da ban sani ba shi ne, ƙaramin rumbun Inna ya tsage bayan rasuwarta, surukarta ta kwashe abin da ke ciki ta sa an jera a saman babban. Ina leƙawa na ga wasu dammuna huɗu, zangarniya cike taf, ƙwaya kamar an zaɓe ta da hannu, kowane an ɗaure shi da tsagin shuɗin ƙyalle. Ashe da hannun aka zaɓe ta. Ni kuwa da idon dillali na dube su, na ce yau wani zai biya.

A kasuwa na tsaya kansu ina ta baki. Wata mai hura ta zo, muka ja, muka ja, har na karɓi abin da ba a ba kowa ba ranar. Ƙyallayen ma na kwance su na cusa aljihu, wai ko za su yi mini amfanin ɗaurin buhu. Na dawo ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Bayan kwana huɗu hadari ya fara leƙowa daga gabas. Muna zaune gindin itacen bedi, Baba ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, ya ce, "Sarkin Wayo, ruwa na kusa. Ka hiddo dammunan Innarku a sussuke. Huɗu ne, masu shuɗin ƙyalle."

Wallahi a lokacin hannuna yana cikin aljihu, yana taɓa ƙyallayen.

Ya ci gaba da magana, bai san abin da ke faruwa da ni ba. Ya ce hatsin nan da shi ta zo gidansa ranar da aka kawo ta, cikin ɗan ƙullin tsumma, daga wurin kakarta. Shi kaɗai ke yi a gonar bisa dutse, yana riga na kowa nuna, ko ruwa ya ɗauke da wuri ba a rasa abin kaiwa baki. Kowace kaka takan shiga gona kafin masu yanka, ta bi kara-kara tana zaɓe. Sannan ya ce, "Wanga shi ne zaɓenta na ƙarshe. Ina so in ji shi ya tsiro."

Mutumin kirki da nan take zai faɗi gaskiya. Ni kuwa na ce, "To, Baba," na tashi. A raina na ce, mutumin da ba ya gani, hatsi ai hatsi ne. Na bi gida-gida na ƴan kasuwa na sayi mafi kyawun da na samu, na sa aka sheƙe shi tas, na kawo masa cikin ƙwarya da safe.

Ya sa hannu ya ɗebo. Ya murza tsakanin yatsu. Ya kai ƙwaya guda baki ya ɗan ciza.

"Hatsin kirki ne wanga," in ji shi. "Ka iya saye. Amma ba nata ba ne."

Na durƙusa a nan na faɗi duk abin da na yi, har da ƙaryar da na shirya. Na so a ce ya ɗaga sandarsa ya zuba mini. Bai yi ba. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi ƙyallayen. Na ba shi, ya shafa su, ya ninke ya sa ƙarƙashin hularsa. Sai ya ce, "Ka karya kumallo kuwa? Muryarka ta mai yunwa ce." Ban taɓa jin dukan da ya shige ni kamar wannan tambaya ba.

Ban tsaya ba, na hau kabu-kabu sai Bangi. Na yi ta cigiya har aka nuna mini gidan mai hurar. Na tarar da ita bakin turmi. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta saki taɓarya ta kama haɓa.

"Iri ne ka saida min? Kai, Malam, ba ka da uwa ne a ƙauye?"

Na ce a taimake ni ko da tiya guda ce, kwanon awo ɗaya, ta rage.

"Tiya? Jiya na daka na ƙarshe. Shi ya sa mutane ke ta tambayata mi na sa wa hurata kwanan nan." Ta dube ni ta ga idona ya kawo ruwa, sai ta sassauta. Ta dama mini ragowar ta ce in sha, tun da dai ni na jawo. Na sha kuwa, kunya ba ta hana ni ba. Daɗinta ma ya ƙara mini baƙin ciki.

Na komo gida la'asar sakaliya na zube kan tabarma. Maiɗakina ta tambaye ni wa ya mutu. Da na ba ta labari, maimakon ta tausaya mini sai ta yi ta dariya har tana riƙe bango. Ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan gora mai toshiyar tsumma, ta zuba mini abin da ke ciki a tafin hannu.

"Mi ne ne wanga?"

"Hatsin Inna. Ran sunan ɗiyarmu ta hwari ta ba ni zangarniya biyar. Shi nike shukawa bayan gida tun shekarun nan, kana cin tuwonai ba ka sani ba. Kai kana can kana ihun dami ya yi ƙahwa. To ga inda ƙahwar ta kawo shi."

Ashe duk macen da ta haihu, duk yarinyar da za a kai ɗaki wani gari, duk wadda gonarta ta ƙi, Inna sai ta ba ta daga zaɓenta. Mata duk sun sani. Ni mai ƙirga ne kaɗai ban sani ba.

Na zabura na ce to bari in ɗauki kuɗi in bi su in saya. Ta riƙe mini riga. Ta ce iri irin wannan ba a sayensa, roƙonsa ake yi, kuma wanda ya ɓatar shi ke zuwa da bakinsa, ba aike ba.

Haka na ɗauki ƙwarya, ni da ke sa masu kamyo su jira ni a rana, na shiga bin ƙofofin mata ina sallama. Kafin in kai gida na uku labari ya riga ni. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "A'a, Sarkin Wayo ne? Yau nawa kake saida kunya?" Wata ta ce sai na faɗi da ƙarfi abin da na yi, maƙwabta su ji, kafin ta buɗe tukunyarta. Na faɗa. Wata ta ce ita tana tsoro kada in biya da shi Bangi. Amma babu wadda ta bar ni na fita hannu wofi, ko da yake kowace ita ma shukar take jira. Wannan tafi guda, wannan tafi biyu. Wata matashiya da ba ta da ko cikin ludayi ta raba biyu ta ba ni rabi, ta ce Inna ce ta yi mata wankan jego lokacin da ba ta da kowa.

Na manta gargaɗin maiɗakina sau ɗaya, na zaro ƴan canji zan ba wata gwauruwa da na ga tana cikin rashi. Ta ture hannuna. "Ita da ta ba ni, nawa ta amsa? Maida abinka."

Aka ce mini akwai wadda aka aurar can wajen Babankatami, ita ta fi kowa yawansa. Na tafi washegari. Ba ta san Inna ta rasu ba. Ta zauna ta yi kukanta, ta share ido, ta cika mini ɗan buhu, ta ce in gaya wa Baba ɗiyar da aka ba iri ranar tafiyarta tana gaishe shi.

Kwana uku na yi ina wannan yawo, hadari kuwa kullum sai ya haɗu ya watse, kamar ni yake jira. Ran na huɗu na ajiye ƙwaryar gaban Baba, ban ce uffan ba, don bakina ya riga ya ja mini abin da ya ishe ni.

Ya sa hannu. Ya murza. Ya ciza ƙwaya guda.

"Ina ka samo shi?"

Na fara lissafa masa gidajen. Duk wanda na ambata sai ya gyaɗa kai, wani wurin ya ce, "Har ita?" Da na gama, ya nutsa hannuwansa biyu cikin hatsin har wuyan hannu, ya bar su a can. Hawaye na bin gemunsa, amma murmushi yake.

"Ka gani, Sarkin Wayo," in ji shi. "Ni da kai muna tsaron rumbu guda. Ashe ita garin duka ta maida rumbunta."

Tun rasuwarta, ran nan ne ya fara kirana da sunan cikin muryar zolaya.

Ruwa ya sauka bayan kwana biyu. Irin bai kai ya rufe gonar dutse duka ba, rabi ya samu. Baba ya ce hukuncina shi ne ni zan shuka da ƙafata. Na shuka, layukana sun yi ta yawo kamar sawun maciji, masu wucewa suna tsayawa su yi mini sannu da gangan. Da ya tsiro na kama hannunsa na kai shi, ya tsuguna ya shafa ganyen, ya daɗe a tsugune. Da kaka kuma muka shiga tare kafin masu yanka, shi yana zaɓe da yatsu, ni ina yankewa. Ya ciro ƙyallayen nan daga hularsa muka ɗaure. Dami na farko bai shiga rumbu ba, ni na ɗauke shi a ka na bi ƙofofin nan ina mayarwa.

Baba ya bi Inna shekaru kaɗan bayan haka, Allah Ya jiƙansu. Na yi wa wasu wakilci bayansa, kuma ban sake ɗaukar abu daga rumbun mutum ba sai na tambayi matan gidan ko na mene ne. Abin da na koya shi ne, na ƙware wajen sanin kuɗin kaya, amma ban san darajarsu ba. Damin da na yi shekaru ina faɗa a kansa wai ya ɓace, shi kaɗai ne ya tsira ranar da wayona ya cinye sauran. Har yau a bayan gidana akwai ƴan layukan hatsin Inna, a karkace kamar kullum, kuma duk wanda ya yi sallama da ƙwarya ba na tambayarsa nawa ya kawo.