Inda Mangwaron Baba Bitrus Ya Tsaya

Ban taɓa mantawa da ranar da aka aike mu kafa allon Baba Bitrus ba. Wata Laraba ce cikin damina, saura wata huɗu in yi ritaya. A lokacin ni ne heluma, wato shugaban leburori, a sashen alamomin hanya. Idan aka amince a sa wa titi sunan wani, takarda ce ke sauko mana da zane. Injiniya ya nuna wurin, mu mu haƙa rami, mu zuba kankare, mu kafa allo. Ba a matsar da allo ko taku ɗaya sai injiniya ya sa hannu.

Da na buɗe fayil na ga sunan, sai na zauna. An ce a sa wa wani yanki na babban titin da ya bi ta wajen Karmo sunan marigayi Bitrus mai bishara. Na san mutumin, kuma ba sanin alheri na yi masa ba.

Shekaru da yawa kafin nan, titin bai wuce siririyar hanya ba. A gefenta akwai wani babban mangwaro, a gindinsa randuna biyu da moɗa. Baba Bitrus ne ke cika su kullum. Direba ya sha, lebura ya sha, mai tallan rake ya sha. Wanda ya zauna sai ya yi masa wa'azi, wanda ya tashi ya ce masa a sauka lafiya. Mu Musulmi mukan tsokane shi, mu ce ruwan muka zo sha ban da wa'azin. Ya yi dariya ya ce ruwan ma wa'azi ne.

Da aka zo faɗaɗa hanya, ni aka ba aikin share gefenta. Doka ta ce a ba mutum takardar gargaɗi ta kwana bakwai. Ni kuwa ina neman ƙarin girma, ina so a ce na gama da wuri. Ban ba shi takarda ba, amma na rubuta a rahoto cewa na ba shi. Da katafila ta iso ya ce, "Heluma, ka ba ni zuwa gobe in kwashe randunan." Na ce aikin gwamnati ba ya jiran randa. Katafila ta ture mangwaron, ta farfasa randunan. Har yau idan na rufe ido ina ganin ruwan yana bin jar ƙasa a hankali, ganye na sauka a kansa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da ka bari yaranka sun sha tukuna." Washegari ya dawo da jarka a kafaɗa. Kowa ya sha. Da ya miƙo mini moɗa sai na juya baya.

To, ranar Larabar nan muna cikin haƙa rami kusa da gada, inda zane ya nuna, sai ga wata tsohuwa da lema da gorar ruwa. Ta ce ita ce Saratu, matar marigayin. Injiniyarmu Hajiya Rabi, wadda ba ta fi sa'ar 'yata ba, ta gaishe ta da ladabi.

"'Yata, nan ba wurinsa ba ne," in ji tsohuwar. "Shi a gindin mangwaro ya yi rayuwarsa."

"Mama, ina mangwaron yake?"

Ta juya gabas, ta juya yamma. Ko'ina kwalta ce da shaguna. "Na sha zuwa nema. Hanya ta cinye komai. Ko a mafarki ina ganin itacen, amma in na farka ban san inda zan tsaya ba."

Hajiya ta ce ba ta da ikon matsar da allo a kan wurin da babu wanda ya tabbatar. Ni kuwa na sani. Taku arba'in ne daga tsohon kwalbati, ni na auna, ni na shafa wa itacen jan fenti. Amma in na faɗa, sai an tambaye ni yadda na sani, ga kuma rahoton ƙarya da sa hannuna yana kwance a ofis. Na tsaya riƙe da shebur. An ɗauke ruwa ba da jimawa ba, tururi na tashi daga kwalta, kuma wallahi a cikinsa sai na ga kamar inuwar mangwaron ta dawo ta kwanta a kan titi, motoci na ratsa ta.

Na ce, "Ranki ya daɗe, na san wurin. Ni na sa aka ture mangwaron, kuma ban ba Baba Bitrus gargaɗi ba. Abin da na rubuta a rahoto ƙarya ne."

Wani lebura ya ce, "Kai, oga!"

Na je kwalbatin na fara ƙirga taku, tsohuwar na bina a baya da lemarta. A na arba'in na tsaya, gaban shagon wani mai faci. Ta daɗe tana kallon sama, inda rassan suke a da.

"Kai ne heluman?" ta ce.

"Ni ne, Mama. Ki yafe mini."

"Ya sha ba ni labarinka. Bai taɓa zancen randuna ba. Ya ce duk ma'aikatan sun sha ruwansa, kai kaɗai ka tafi da ƙishi. Wannan ne ya dame shi." Ta buɗe gorarta ta miƙo mini. "Sha mana, tsoho. Ko sai an kawo maka takarda?"

Na karɓa na sha.

Hajiya ta gyara zanen a kan bonet ɗin mota ta sa hannu. Ta ce dole ta rubuta abin da na faɗa, na ce ta rubuta duka. An ba ni takardar jan kunne, ita ce ta ƙarshe a fayil ɗina, kuma ban taɓa jin haushinta ba.

Ku da kuke aikin yanzu, zane yana nuna kwalbati da gada, ba ya nuna wanda ke zaune a gefen hanya. Kafin ku kira katafila, ku sauka ku gaishe shi. In ya ce ku ba shi zuwa gobe, ku ba shi. In ya miƙo muku ruwa, ku sha.