Fiton da Na Ji a Murhun Kaka Genzo

Kaka Genzo, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har mahaifiyata. Kwana biyu kafin rasuwarka na ji murhunka yana fito, kuma na yi shiru.

Ka rasu ranar Talata, ashirin da ɗaya ga Janairu, kana da shekara saba'in da tara. Mai kawo wasiƙa ne ya tarar da kai a kujera da hantsi, shayinka ya huce. Matarka, Inna Tome, tana asibiti a birni ana duba mata gwiwa. Aka ce zuciya ce. Kowa ya gyaɗa kai, ban da ni.

Tun da ƙauyenmu ya koma ɗumama ɗaki da murhun lantarki mai ƙona ƙwayoyin garin katako, babu gidan da ba ka durƙusa gaban murhunsa ba. Bara da namu ya riƙa ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, Baba ya ce sai dai a sayi sabo. Ka zo, ka karɓi tsinken cin abinci, ka ɗora bakinsa ɗaya a jikin murhun, ɗayan a kunnena.

"Sarauniyar shiru, me ya ce miki?"

Na ce, "Tari yake yi."

"Ato! Toka ce ta shaƙe fanka. Babanki na da kunne biyu, amma na rataya tabarau ne."

Ka share fankar, ba ka karɓi komai ba sai kabejin da Mama ta jiƙa da gishiri. Ranar ka koya mini cewa idan harshen wuta ya yi ja yana lalaci, iska ce ta yi kaɗan. Idan kuwa murhu ya fara fito, a kashe shi nan take, a leƙa bututun hayaƙi, domin idan ya toshe, hayaƙin kan dawo ɗaki ya halaka mutum. Babu wani babba da ya taɓa tambayata abin da na ji sai kai.

Ranar Lahadi Kawu Shuji, ɗan ƙaninka, ya zo daga birni ya sauke maka dusar ƙanƙara daga kan rufi. Kowa a nan ya san ba a zubo ta ta bangon arewa, inda bututun ya fito, don kada ta toshe shi. Shi ta nan ya zubo. Da la'asar na kawo maka takardar sanarwar unguwa, na ji fiton tun daga bakin ƙofa. Na san kunnenka ya yi nauyi kana ɓoyewa. Amma baƙonka Kawu Shuji na tsaye yana kakkaɓe takalmi, kunya ta riƙe mini baki. Wace ce ni da zan koya maka murhu?

Ni ba likita ba ce, ban san abin da ya ɗauke ka ba. Sai dai ranar Laraba da safe, kafin masu gaisuwa su iso, na ga Kawu Shuji a bayan gida da shebur, tagogi duk a buɗe cikin wannan sanyi.

Ya ce, "Ke, 'yar gidan Onodera, yau ba makaranta?"

"Zan je, Kawu."

"To tafi mana. Murhun lafiyarsa ƙalau, na duba."

Ni kuwa ban tambaye shi zancen murhu ba.

Jiya na zagaya na leƙa. An tone bututun, amma ya lotse inda shebur ya same shi, bakinsa ya kusa haɗewa. Inna Tome tana gidan 'yarku yanzu, ranar Asabar za ta dawo. Ta ce wa Mama za ta kunna murhun don ta ji kamar kana nan.

Allah ya jiƙanka, Kaka, ya sa ka huta, ya saka maka da ɗumin da ka bar a gidajenmu. Ina yi wa Inna Tome ta'aziyya, da 'yarku Anti Misao, da jikoki. Har da Kawu Shuji, domin na ga idonsa, ba ya barci. Allah ya ba su haƙuri.

Na riga na sa tsinken a jakar makarantata. Ranar Asabar zan riga motar da za ta kawo Inna isowa, in zauna gaban murhun. Kafin a taɓa maɓallinsa, sai Inna ta zagaya bangon arewa tare da ni, ta ji duk abin da na ji.