Masaƙar Kalilu a Ƙarƙashin Ƙafar Auta

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Daura ya san Kalilu masaƙi, ko da bai taɓa jin muryarsa ba, domin mutum ne da sai ka yi masa sallama sau biyu kafin ya amsa. Ni Ɗantsoho mai gyaran rediyo, shagona na kallon rumfarsa, na yi shekara da shekaru ina jin ƙarar ƙoshiyarsa fiye da maganarsa. Masaƙar ta ubansu ce. Da tsohon ya rasu, Kalilu ya zauna a kanta, ƙanensa Auta kuwa ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana jan igiya da yatsun ƙafa ba. Ya gudu ya shiga soja.

Auta ya dawo daga yaƙi da abu biyu: sandar dogarawa, don ƙafarsa ta hagu ta tsaya can, da kuma jita da ya koya a bariki. Kalilu ya karɓi sandar da hannu bibbiyu, jitar ce bai taɓa karɓa ba. Shiririta yake kiranta. Amma shiriritar nan ita ta tsayar da Auta. Ya samu gurbi cikin makaɗan wani otal da ke hanyar Kongolam, na Alhaji Maiturare, yana kiɗa a zaune bisa kujera, direbobi da fatake na yi masa tafi. Ranar da ba kiɗa, sai ka gan shi ya yi jugum a zaure kamar kazar da ruwa ya doka.

Sai kuɗin man fetur suka zo, kowa ya haukace. Atamfa da yadi suka cika kasuwa, saƙi ya zama kayan tsofaffi. Alhaji Maiturare, wanda bai san bambancin jita da gurmi ba, ya tafi Kano ya jibgo kaya: na'urori uku da ake takawa da ƙafa, ɗaya ta sa jita ta yi gurnani, ɗaya ta sa ta kuka kamar jariri, ɗaya ta sa sautin rawa, ga kuma wani akwati mai maimaita sauti da ake ɗorawa a kan kanta, makunninsa can sama. Ni aka kira na haɗa wayoyin.

Auta ya gwada, abin tausayi. Kafin ya ɗauke ƙafa daga wannan ya kai wancan, kiɗa ya wuce shi. In ya miƙa hannu ga akwatin, jita ta yi shiru. Sau ɗaya ma ya zame daga kujera, mai ganga ya ƙunshe dariya. Alhaji ya ce, ba da mugunta ba, kaya dai ba za su zauna a banza ba. Akwai wani yaro mai ƙafa biyu a Katsina, in zuwa bikin da za a yi ranar Asabar abin bai yiwu ba, sai a ɗauko shi. Raina ya ɓaci, don na san in aka raba Auta da kujerar nan, an gama da shi.

Na je na faɗa wa Kalilu, ina tsammanin zai ce Allah ya raka taki gona. Bai tsayar da saƙa ba. Can ya ce, “Kawo min tarkacen in gani.”

Na aro su na kawo. Ya daddanna kowane makunni da babban yatsa, ya tambaye ni wanne ne ake dannawa a saki, wanne ake riƙewa. Washegari da hantsi na buɗe shago, na ji unguwa shiru. Na leƙa, sai na ga ya kwance masaƙar, itatuwanta a zube a ƙasa.

“Malam Kalilu, lafiya?”

“Miƙo min zarto,” in ji shi.

Ya yanka katakon ya yi allo ɗaya, ya jera na'urorin a kai ya ɗaure da jijiya. Mai kukan jaririn ya sa ta daidai tafin ƙafa. Sauran kuwa ya yi musu 'yan sanduna masu danna makunni, kowace da igiyarta mai hanju da za a saƙala a yatsa, irin yadda masaƙi ke yi. Igiyar akwatin kuwa ya bi da ita ta kan 'yar gargaren masaƙar har sama. Nawa aikin haɗa waya ne kawai, da riƙe baki.

Da Auta ya zo ya ga allon, ya gane katakon nan take, don akwai tabon da shi ya yi masa da wuƙa yana yaro.

“Yaya, masaƙar Baba ce fa! Da me za ka ci abinci?”

“Cire takalmin,” Kalilu ya ce. “Kuma daina kallon ƙafar. Masaƙi ba ya kallon ƙafarsa.”

“Yaya, ka amsa mini.”

Kalilu ya tsuguna, ya saƙala masa igiyoyin a yatsu da hannunsa. “Mu biyu ya bar wa. Na ci rabona tun kana soja. Saura naka.”

Kwanakin da suka rage, wa da ƙane suka yi su a rumfa, ɗaya na kiɗa, ɗaya na faɗa. “Babban yatsa, Auta! Kai da ma tun kana yaro ƙafarka nauyi gare ta.” Abin da ya gudu ya bari, shi ya dawo yana koya da gemunsa. Na yi masa tsiya, na ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma shi gida ya biyo shi har otal.

Ranar Asabar bayan la'asar aka yi bikin. Auta ya hau dandamali da kwat da takalmi ɗaya, ya tuɓe shi a gaban jama'a. Jita ta yi gurnani, ta yi kuka, ta amsa wa kanta, ƙafar na wuri ɗaya ba ta ɗaga ba. Ba a sake maganar yaron Katsina ba.

Kalilu bai sake saƙa ba. Ya koma noman gero a gonarsu ta wajen Zango, da rani ya yi dillancin awaki, kuma har ya bar duniya bai taka cikin otal ɗin nan ba, bai daina cewa shiririta ba. Amma ranar bikin na fito duba janareto, na same shi zaune a bayan katangar otal ɗin, ya jingina, idonsa a rufe. Ya cire takalmansa, yatsun ƙafarsa na motsi cikin rairayi, suna bin kiɗan ƙanensa. Na juya na koma ciki ban yi masa sallama ba, don idona ya cika da hawaye.