Motar da Ke Durƙusawa: Daga Woolwich Zuwa Dover

Mun tashi da asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce, kuma da ƙarfe shida da minti ashirin daidai babbar jar fitilar da ke gaban direba ta kama. Na duba agogona ne kawai don ban san inda zan sa idona ba. Amma bari in fara gaya muku su wane ne a motar, da abin da ya fitar da mu.

Mu uku ne: ni, da Kawuna wanda likita ne a nan Landan, a gidansa na Woolwich nake zaune tun da na zo karatu, sai matarsa da nake kira Anti. Shekara biyu ke nan Anti na fama da ciwon ƙashin baya. Ko tasi ta shiga zuwa asibiti, sai ta yi kwanaki a kwance. Mahaifiyarta kuma ta tsufa ƙwarai a wani ƙauye bayan Haɗeja, duk wanda ya zo daga gida saƙo ɗaya yake kawowa: tsohuwa na son ganinta. Jirgi ba matsala ba ne, ana iya kwantar da ita. Matsalar ita ce hanyar mota daga Kano. Don haka zuwanmu Dover gwaji ne. In bayan Anti ya jure zuwa da dawowa, Kawu zai tura motar gida, su bi ta. In bai jure ba, maganar tafiya ta mutu.

Motar kuwa ta Faransa ce, doguwa, mai ƙofa biyu, ta hannu Kawu ya saya. Da ya kawo ta, abokansa sun sha dariya, don kowa a cikinsu ta Jamus yake saye ya aika gida. Ni ban yi dariya ba, laburare na tafi. Abin da na karanto shi ne, Faransawa sun daɗe suna jin haushin cewa tun bayan yaƙi motocinsu na alfarma suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai wani kamfaninsu ya sayi na Italiya mai ƙera motocin tsere, ya ɗauko injinsa, ya gina masa wannan gangar jiki. Ba ta da sifirin na ƙarfe. A kan iska da wani koren mai take zaune, kuma man nan shi ke riƙe birki da sitiyari. In an kashe ta, sai ta yi ƙasa a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. In an tayar, ta miƙe. Shekaru kaɗan ta yi tana tashe, sai fetur ya yi tsada, mutane suka guji mai shan mai. Kamfanin ya karye, ya faɗa hannun wanda ake harhaɗa motocinsa a Kaduna, su kuma bara suka daina ƙera ta. Wato fetur ɗin da ke biya mini kuɗin makaranta shi ya kashe ta.

Sau da yawa na tambayi Kawu, cikin ladabi, wa zai gyara ta a Kano, ina za a samu kayanta, ga cunkoson jirage a tashar Legas. Kullum sai ya yi murmushi ya ce in je in ci abinci.

Fitarmu ta yi daɗi. Da muka sauko da Anti, motar na durƙushe, ta zauna a gaba ba tare da ta ɗaga ƙafa sosai ba. Ni aka cusa a baya, gwiwoyina a ƙirji, da fulas ɗin shayi da kwanon dambun nama a cinya. Wanda ya tsara kujerar bayan nan bai taɓa tunanin mutum zai zauna a ciki ba. Sitiyarinta a hagu yake, irin na gida yanzu, don haka duk sanda Kawu zai wuce babbar mota sai Anti ta leƙa masa.

"Likita, dakata. To, yanzu. Kai, wannan tuƙi naka kamar mai kai amarya."

Mun wuce Dartford gari bai gama tashi ba, sai masu raba madara a ƙofofi. Bana zafi ya yi yawa, ciyawar gefen hanya duk ta bushe ta yi ja, har Anti ta ce da an zuba 'yan awaki da sai ta rantse ta iso gida. Muna gab da Rochester fitilar ta kama. Kawu ya ce sitiyari ya yi nauyi, ya lallaɓa ya tsaya gaban wani ƙaramin gareji da ke rufe. Motar ta durƙusa ba wanda ya ce ta yi. Na fita na leƙa ƙarƙashinta, na ga koren mai yana ɗiga a kan kwalta.

Sai da muka jira har mai garejin ya zo. Muka sha shayi, muka buɗe dambu. Kawu ya kasa ci. Ya zagaya motar, ya dawo ya tambayi Anti yaya bayan, ya sake zagayawa.

"Bayana lafiya lau," in ji ta. "Kai ne dai za a ba magani. Zauna, kana sa ni jiri."

Bakaniken dattijo ne mai fara'a. Ya buɗe gaban motar, ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai a hoto ya taɓa ganin irin wannan. Duk da haka bai jima ba ya gano wani ɗan tiyon roba da ya tsage, ya yanke wurin, ya ɗaure. Daga nan ya shiga ciki ya fito da gwangwanin man birki, irin wanda ake zuba wa kowace mota.

Waɗanda suka san ni sun san ko a aji ban cika ɗaga hannu ba. Amma na karanta cewa man birki cinye robobin motar nan yake yi gaba ɗaya, in ya shiga shi ke nan. Ya riga ya cire murfin sa'ad da na ji kaina ina cewa don Allah ya tsaya. Na yi masa bayani, na ce in babu koren, an yarda a zuba man inji mara kauri kafin a kai inda za a sauya. Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya mayar da murfin, ya ce gara da na faɗa, ya ɗauko man injin ya zuba. Kawu ya tayar da mota, muka tsaya muna kallo. Shiru, shiru, sai bayanta ya ɗaga, gaban ya biyo.

"Ashe laburaren nan na da rana," in ji Anti. "Malama, yau ke za ki cinye sauran dambun."

Bayan Canterbury hanya ta ratsa gonakin tuffa da tsaunuka marasa tsayi. Mun sha mai a wani ƙauye, Kawu ya biya yana girgiza kai, don motar ba ta san fetur ya yi tsada ba. A Dover muka sayi kifi da dankali a nannaɗe cikin takarda, gishiri ya yi yawa, yaji babu ko kaɗan, sai wanda Anti ta ɓoyo a jakarta. Muka ci muna kallon jiragen ruwa masu zuwa Faransa. Sararin ya washe har muna hango gaɓarsu, fara, siririya. Anti ta daki gaban motar a hankali ta ce mata, "Ga garinku can. Ke ma kin daɗe ba ki je ba."

Da za mu juyo, Kawu bai hau babban titi ba. Ya ja wani ƙarfe da ke gefen kujerarsa, motar ta ƙara tsayi, ya karkata cikin wata hanyar gona mai ramuka da tsakuwa.

"Hajiya, ga hanyar garinku. In kin ji ciwo ki faɗa, kada ki ɓoye mini."

Ina jin tayoyi suna faɗawa rami, amma a ciki sai ka ce kwalekwale a ruwa mai sanyi. Na zuba wa wuyan Anti ido, don nan ne yake fara sanƙarewa in ciwon ya taso. Bai sanƙare ba. Can ta ce, "Ƙara wuta." Ya ƙara. Ba mu kai Canterbury ba barci ya ɗauke ta, bakinta a ɗan buɗe. Kawu ya kashe rediyo.

Mun iso da sauran rana. Anti ta hau matakala tana dafe da kafaɗata, tana lissafa tsarabar da za ta kai wa tsohuwa. Abin da na koya a tafiyar nan shi ne, na san tarihin motar tun daga farkonta har ƙarshenta, amma ban taɓa tambayar kaina abin da Kawu ya gani a cikinta ba. Duk da haka damuwata ba ta tafi ba, don tiyon da ya tsage a Rochester zai iya tsagewa a ko'ina. Na sauko na same shi tsaye yana kallon motar tana durƙusawa.

"Kawu, ka yi haƙuri, zan sake tambaya. A gida ba ta kai shekara. Wa zai gyara ta?"

Wannan karon bai tura ni cin abinci ba.

"'Yata, ba shekara nake nema a wurinta ba," ya ce. "Ta ɗauki Antinki daga filin jirgin Kano, ta ajiye ta a ƙofar gidan uwarta. Bayan nan in ta ga dama ta durƙusa, kaji su kwana a ciki."