Uwar da Ke Tura Keke Babu Kowa a Kai

"Mama, don Allah ki duba da kyau. Gangara kika ce a yi, ga ta an yi, siminti har ya bushe. Me ya rage kuma?"

"Hawa ya rage, ɗana. Zauna."

"In zauna a ina?"

"A keken nan mana. Ba ya cizo."

Birkilan ya dubi tsohon keken guragun da ta turo gabansa, ya waiwayi abokan aikinsa da suka jingine shebur suna jiran kallo. Ranar Alhamis ce, a bakin sabon ginin makarantar firamare ta unguwarmu. Ranar Litinin 'yar wannan mata, wadda kowa ke kira Auta, za ta fara koyarwa a cikinsa. Auta ba ta tafiya da ƙafa tun tana shekara uku, sanadiyyar shan-inna. Gangarar da aka zuba don masu keke kuwa ta miƙe tsaye kamar wurin sulun yara. In aka bar ta haka, sai an ciccibi sabuwar malama an kai ta aji a gaban ɗalibanta.

Bari mu bar birkila yana sosa ƙeya, in gaya muku wace ce ta tsayar da shi.

Mai Keke ake ce mata. Kullum da ta idar da sallar asuba sai ta fito da keken tsakar gida, ta goge shi da tsumma, ta ɗiga mai a ƙafafunsa, ta matsa tayoyin da yatsa ta ji ko suna da iska. Shi ne keken Auta na farko, tun tuni ta samu sabo ta bar shi. Maigidanta kan leƙo daga ɗaki ya ce, "Ni dai ban taɓa samun irin wannan shafar mai ba." Ita kuma ta ce, "Ranar da ka fara ƙara in na tura ka, za ka samu." Shagonta na ɗinki ba ya buɗewa sai azahar. Safiyarta ta ƙofofin mutane ce: asibiti, makaranta, ofis, duk inda ake cewa kowa ya zo amma an gina matakala a baki.

Da farko an ɗauka ta taɓu. Mace tana tura keke a titi babu kowa a kai, me za a ce? Amma kujerar ba a banza take ba kowa ba. Ta bar ta ne don manyan da take zuwa gani.

Wata nas da ta yi shekaru a asibitin unguwa ta ba ni labarin ranar da Mai Keke ta sa babban likita ya zauna a ciki. Bai ƙi ba, don ya zaci hoto za a ɗauka. Ta ce masa ya shiga banɗakin marasa lafiya da kansa. Ya tura ya tura, keke ya maƙale a ƙofa, ya goge bayan hannunsa da bango har jini ya tsatso. Ta miƙa masa tsumma ta ce, "Kai sau ɗaya kenan." Ba a yi wata guda ba aka faɗaɗa ƙofar. Nas ɗin ta ce ba ta taɓa jin ta ɗaga murya ba. Takardar koke ma ba ta cika rubutawa ba, wai takarda ana iya ajiye ta a aljihun tebur, amma wanda keke ya taɓa kayarwa ba ya mantawa.

Ba ko'ina ta yi nasara ba. Akwai ofishin da mai gadi ya san ƙarar tayarta, yana jiyowa yake jan ƙofa. Shekara huɗu ke nan, matakalarsu na nan, ita ma duk ranar Laraba tana nan.

Na tambayi Auta inda abin ya faro. Ta yi dariya ta ce, "Ai Mama ce ta yi firamare, ni rakiya na yi." A tsohon ginin wannan makaranta matakala biyar ne, kuma a bayan uwarta take hawansu, safe da rana, ga tsakiyar yini in za ta zaga. Sai wata safiya, tana aji huɗu, ta raɗa mata a kunne: "Mama, sauke ni. Gara in rarrafa da a riƙa kallona a goye." Uwar ta sauke ta. Ta tsaya tana kallon 'yarta tana jan jiki a kan siminti, farar rigar makaranta tana kwasar datti. Auta ta ce ranar ce kaɗai ta ga hawayenta a gaban mutane. Ranar ce kuma uwar ta gane cewa bayanta, komai ƙarfinsa, ba shi ne maganin ba.

Mama, ke ce kika yi goyo har bayanki ya rankwafa, sannan kika iya saukewa lokacin da saukewar ta fi ciwo. Ke ce kika je gida guda sau bakwai, inda aka ɓoye yarinya a ƙuryar ɗaki don kunyar idon jama'a. Ba ki yi wa ubanta wa'azi ba, gaisuwa kawai kike yi ki bar keken a tsakar gida, har ranar da ya iske 'yarsa a kai tana ƙyalƙyala dariya, ya juya ya share ido. Yarinyar nan yau tana aji uku. Uwar marasa ƙafa, mai buɗe ƙofar da ba taki ba. Gwiwoyinki sun gaji, likita ya ce ki huta, sauran iyayen da kika haɗa ƙungiya da su suna shirin yi miki walimar ban-kwana. Kin ce su dakata tukuna sai kin ga Litinin.

Mun gode, Mama. Na rubuta wannan ne tun kina iya karantawa ki ce na cika surutu. Ku kuma masu karatu, ba na ce ku sayi keke ba. Gobe in za ku shiga wurin aikinku, ku dubi ƙasa, ku ƙirga matakalar da ƙafarku ta saba hawa ba ta sani ba, ku tambayi wanda ke da iko wa aka bari a waje.

Birkilan dai ya zauna, don ba yadda zai yi. Ya kama tayoyin ya yunƙura. Keke ya hau kamar taku biyu, ya tsaya, gabansa ya ɗaga sama, ya dawo da shi baya a guje. Mai Keke ce ta tare shi da ƙirjinta, da gwiwoyin nan nata marasa lafiya. Abokan aikinsa suka fashe da dariya.

"Oga, a ƙaro maka mai ne?" in ji ɗaya.

Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya sake dawowa. Dariya ta fara raguwa.

"Kai da ke ɗaukar buhun siminti a ka," in ji ta a hankali. "Ita kuma da littattafai a cinya za ta hau."

"Mama, kwana uku muka yi a kan wannan. Mai kwangila zai cinye ni ɗanye."

"Turo min shi. Akwai wurin zamansa."

Yana zaune a cikin keken, ya dubi tafin hannunsa da ya yi ja. Sannan ya ɗaga kai ya auna filin da ido, tun daga bakin ajin har gindin bishiyar da ke tsakar makaranta.

"Litinin kika ce?"

"Ƙarfe bakwai da rabi."

Ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya juya wajen mutanensa.

"Ku ɗauko guduma. Fasa ta za mu yi, mu ja ta har gindin bishiyar can. Kuma ba mai cewa an gama sai na hau ta da hannuna."