Tsibin Gyaɗa Uku a Bakin Rariya

A gidanmu na Ƙofar Ran ba kullum ake tatsuniya ba. Kakata Dada, mahaifiyar Baba, mace ce mai tsumulmular itace, ba za ta ƙona ko ƙirare ɗaya don kawai yara su ji labari ba. Sai in an haihu. In an haihu, dole a girka babbar tukunyar ruwan jego safe da yamma har kwana arba'in, kuma garwashin da ya rage bayan wankan yamma ba na kowa ba ne. A nan Dada take jawo kujerarta bayan sallar isha, ta binne ɗanyar gyaɗa a toka mai zafi, mu kewaye ta, ni da 'ya'yan ƙanen Baba da na maƙwabta. Ƙanshin ganyen darbejiya da aka yi wanka da shi yana nan a tsakar gida, ƙasa da ɗan damshi, daga ɗakin Inna kuma ana jin motsin jariri.

"To, ga ta nan ta iso, wa zai yi mata shimfiɗa?" Haka take farawa. Mu kuma mu ce, "Ta shigo mu ji ta."

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Bayana ta haifi uku, babu wanda ya kai arba'in. Duk lokacin da hakan ta faru, ana ci gaba da dafa ruwa, mai jego tana ci gaba da wanka, amma Dada ba ta sake jawo kujera. Ba a kuma sake ambaton sunan wanda ya tafi. A unguwa sun riga sun yanke wa Inna hukunci, sun ce wabi take yi, wato 'ya'yanta zuwa suke su leƙa su koma.

Akwai tatsuniya ɗaya da Dada ba ta tsallakewa duk haihuwa, kuma na tsane ta. Wai a bayan ganuwa akwai wata tsamiya, ƙarƙashinta yara ne da suka zo duniya suka koma. Ba su da inuwa, kuma kullum sanyi suke ji. In magariba ta yi sai su shigo gari, su bi gida-gida, su durƙusa a bakin rariya, 'yar kafar nan ta gindin katanga da ruwa ke fita, su kasa kunne. Gidan da suka ji ana cewa jariri mummuna ne, ba a son sa, sai su wuce. Akwai wata mata da ta haifi ɗa kyakkyawa, ta yi ta daurewa ba ta yabe shi ba har kwana talatin da tara. A na ƙarshe tana niƙa, daɗi ya kama ta, ta rera masa waƙa tana cewa nata ne, nata ne. Sai ta ji ƙananan muryoyi a rariya sun amsa mata amshi. Ta ruga ɗaki ta tarar da zani da ɗumi, babu kowa a ciki.

"Shi ya sa," in ji Dada, tana nuna mu ɗaya bayan ɗaya da tsinken tonon gyaɗa, "wanda ya ga jariri ya ce tubarkalla, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ba ku san wa ke ji ba."

Inna ta haifi na huɗu a bayana, namiji, a makon da aka karɓi mulkin kai. Ina da shekara tara. Gari ya cika da kiɗa, yaran makarantar boko suna yawo da 'yan tutoci masu kore da fari. Baba yana aikin lambu a gidan wani Bature a Bariki, kullum ya dawo da labarin akwatunan da ake ɗaurewa. Mu a gidanmu ko guɗa ba a yi ba. An sa wuƙa a ƙarƙashin shimfiɗar jariri, an rufe ƙofa da asabari. Abin da ya fi damuna shi ne Inna. Tana ba shi nono fuskarta na kallon bango. In ya gama ta miƙa wa Dada shi kamar mai mayar da kayan aro. Ban ga ta dubi fuskarsa ko sau ɗaya ba.

Ashe manya sun shirya abin da ba su gaya mini ba. Ana gobe suna, da sassafe, za a kai shi bayan gida a kwantar a kan juji, don masu sauraro su ga yar da shi aka yi. Babu ɗan gida da zai taɓa shi. Maƙwabciyarmu Maman Saratu, Basayiya Kirista da mijinta ke aikin hanya, ita za ta fito kamar mai zubar da shara, ta tsince shi, ta kai ɗakinta, can ta kawo mana a matsayin ajiya. An zaɓe ta ne don 'ya'yanta bakwai kuma ba ta taɓa binne ko ɗaya ba. Daga nan sai a riƙa kiran sa Ajuji. Baba ya ce wannan canfi ne, rai a hannun Allah yake. Amma a ranar, da ya tafi sallar asuba bai dawo ba sai da rana ta fito.

Abu ɗaya suka manta: zubar da toka aikina ne. Na kwashe tokar murhu a tsohon kasko, ido duk barci, na zagaya bayan gida. Sai na ji wani ɗan kuka siriri. Ga shi nan a kan faifai, cikin ɓawon gyaɗa da fasassun tukwane, an naɗe shi da tsumman da ko ƙafa ba za a goge da shi ba. Wata akuya tana tsaye a kansa tana sunsuna. Ban yi tunanin komai ba. Na saki kaskon, na sure shi, na ce, "Namu ne. Ƙanena ne, namu ne." Na juyo sai ga Maman Saratu a ƙofarta da kwandon shara a hannu, ta buɗe baki.

"Wayyo yarinya, ki aje shi," ta ce a hankali. "Ni ne zan ɗauka."

Ban ajiye ba. Na shige gida da gudu. Dada tana tsaye a bayan zaure, inda take leƙe tun farko. Ta ɗaga hannu, na runtse ido, amma marin bai sauka ba.

"Da ƙarfi kika faɗa?"

"E."

"Sau nawa?"

"Sau biyu."

Ta karɓe shi ta shiga ɗaki. Na ji tana magana ƙasa-ƙasa. Da na leƙa, Inna ta juya ta kwanta, ta ja zani har kanta.

Kafin la'asar jikinsa ya yi zafi, ya ƙi kama nono. Babu wanda ya zage ni, kuma da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Matan gida suna wucewa ta gabana suna kauda kai. Na tafi bayan rumbu na zauna, ina jin kiɗan gari daga nesa, ina kallon rariyarmu. Na tabbata a raina na kashe ƙanena da bakina, kamar matar nan mai niƙa.

Ban zaci za a yi tatsuniya ranar ba, amma bayan isha Dada ta jawo kujera. Sai dai ba inda ta saba ta ajiye ta ba. Ta ba mu baya rabi, ta fuskanci katanga, wajen rariya. Ta tone gyaɗa ta raba mana kamar kullum, kowa tsibinsa. Sannan ta tashi, ita da gwiwa ke hana ta tashi, ta je bakin rariya ta zuba tsibi uku a jere. Ɗan ƙanen Baba ya ce, "Dada, na wa ne waɗancan?" Ta ce, "Na masu shi." Babu wanda ya sake tambaya.

Ba ta ce ga ta nan ba. Kawai ta fara, kuma tatsuniyar da na tsana ce. Tsamiya, yara marasa inuwa, mata mai ɗa kyakkyawa. Na cusa kai tsakanin gwiwoyina ina jiran zanin nan mai ɗumi. Amma da aka zo wurin niƙa sai labarin ya karkata. Wai matar tana da babbar 'ya, marar jin magana, mai bakin da ba ya rufuwa, kuma ita ce ta yi suɓutar bakin. Da magariba ta yi, yarinyar ta je ta zauna a bakin rariya ta toshe ta da bayanta. Sai ta ji sanyi yana taɓa ta, kamar yatsu ƙanana.

"Suka ce, matsa, mun zo ɗaukar ƙanenmu," in ji Dada. Muryarta ta koma 'yar siririya, ba irin wadda take yi wa Gizo ba. "Ta ce, in ƙanenku ne, to ku su wa ne? Suka ce, mu ba kowa ba ne, tun da muka tafi ba a sake kiran mu ba. Muna zuwa kullum mu ji ko za a ambace mu, sai mu ji ana kiran wani. Ta ce, ai na san ku. Ku ma namu ne."

Wutar ta kwanta ta karkata wajen katanga, alhali babu iska a tsakar gidan. Kiɗan gari ma ya ɗauke, ko kuma ni ce na daina ji. Sai Dada ta ɗaga murya, da muryarta ta gaske, ba ta labari ba.

"Usmanu. Binta. Garba."

Sunayen ƙannena ne, waɗanda ba a faɗa. Na ji wani ɗan motsi a rariya, kamar ana jan busasshen ganye. Ban ɗaga kai ba, kuma har yau ban ce na ga wani abu ba. Abin da na tabbata na ji shi ne kuka daga ɗakin jego, kukan babban mutum. Ban taɓa jin Inna ta yi kuka ba, ko ranar da aka fita da Garba a tabarma. Ta daɗe tana yi. Can sai kukan jariri ya shiga cikin nata, can kuma nasa ya tsaya, muka ji 'yar ƙarar nan ta tsotso.

"Da suka ji sunayensu," in ji Dada, kamar ba abin da ya faru, "sai suka ɗebi gyaɗarsu suka koma. Na yanke mata wutsiya a nan. Kowa ya tafi ya kwanta."

Da safe gyaɗar ba ta nan. Baba ya ce ɓeraye ne, kuma gidanmu da ɓeraye kam. Sai dai ɓawon yana nan a wurin, tsibi uku, an ɓare shi tsaf. Wanzami ya zo ya yi aski, aka raɗa wa yaro Muhammadu. Zazzaɓin bai sauka ba sai bayan kwana uku. Da na shiga kai wa Inna kunun kanwa, na tarar ta ɗora shi a cinya tana duba yatsunsa ɗaya-ɗaya. Ba ta kira sunana ba, ba za ta taɓa yi ba, amma ta ce, "Ke, zo ki ga kunnensa irin naki ne." Sunan Ajuji bai bi shi ba. Maman Saratu ce ta fara tsokanata, in ta gan ni da goyo ta ce, "Ina kwana, yayar Namu?" Sunan ya zauna. Yau jikokinsa Baba Namu suke ce masa, kuma bai san tsoron da aka ci a kansa ba sai abin da na ga dama na gaya masa.

Bayan na yi aure na tambayi Dada wane ƙarshe ne na gaskiya. Ta tsufa sosai lokacin. Ta ce, "Na farkon a wurin kakata na ji shi. Na biyun, ina faɗa ina ƙirƙira. Na duba na ga uwa ta ba ɗanta baya, ga yarinya ta ɗauki laifin da zai kashe ta a tsaye. Me kike so in yi?" Na ce, to motsin da muka ji a rariya fa? Ta dube ni ta ce, "Ke ma kin ji?"

Na daɗe ina ɗauka Dada ta yi dabara ne don ta wanke ni. Ban gane sauran ba sai da nawa ɗan na biyu ya rasu yana da wata ɗaya, mutane suka yi mini gaisuwa, suka kuma rufe bakinsu a kan sunansa don kada su tayar mini da hankali. Shirun nan ya fi mutuwar ciwo. Da na haifi mai bi masa, mace, na kama kaina ina ba ta nono ina kallon bango. A ranar na san cewa ba daga bayan ganuwa ake zuwa a ɗauke jariri ba kawai, tsoro ma yana raba uwa da ɗanta tun yana raye. Na juyo da fuskata na dube ta, na kira sunan yayanta da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki.

Yanzu gidan Ƙofar Ran an zuba masa siminti, rariyar ta zama bututu, kuma jikokina a asibiti ake haifar su. Ni mai sallah ce, na san waɗanda suka tafi suna wurin da ya fi tsamiya. Duk da haka, in an haihu a gidan nan na gasa wa yara gyaɗa, nakan tashi in je gindin katanga. In suka tambaye ni na wa ne, ina gaya musu sunayen, ɗaya bayan ɗaya. Tsibi huɗu nake zubawa.