Muryar Sharu a Bayan Baƙin Allo

A kasuwar Gadarif, a layin masu gyaran rediyo, shagon Arzika yana manne da kantin maganin Abdelrahman. A gidan masu matsar riɗi aka haife shi. Kakansa Sharu ne ya kafa asarar gidan, wato turmin man da raƙumi ke kewayawa da ido a rufe, bayan ya taso daga yamma a ƙafa, ya sauke farali a Makka, ya dawo ya zauna nan. Arzika bai gaji raƙumin ba, amma ya gaji imanin gidansu cewa babu abin da ya fi ƙarfin man riɗi. Ciwon gwiwa, tarin yaro, ƙofa mai ƙara, duk maganinsu ɗaya. Kullum akwai 'yar kwalba a aljihun jallabiyarsa.

Da rediyo ya fara, ya koma rikoda. Da kaset ya soma tsufa, sai ya sayi wata kwamfuta da ta riga kaset ɗin tsufa, fara a da, yanzu launin haƙorin mashayin shayi. Da ita ya shiga juya wa mutane kaset zuwa faifai.

Wata rana kakarsa, Habboba Zinariya, ta ba shi kaset ɗaya tilo da ke ɗauke da muryar marigayi Sharu yana ba da labarin tafiyarsu. Arzika ya shigar da muryar cikin kwamfuta lafiya lau. Da ya zo cire kaset, rikoda ta tauna shi ta tsinka, ba ya gyaruwa. Bai gaya wa kowa ba. Muryar Sharu ta rage a wuri ɗaya a duniya, cikin wannan tsohon akwati, shi kuwa akwatin duk sanda aka sa masa faifai sai ya kai rabi ya sandare.

Wani direban lori ya kawo masa magani daga Khartum: ɗan siririn falle kore mai haƙoran zinariya, wanda ake kira ram, wai yana ƙara wa na'ura ƙwaƙwalwa. Arzika ya kwance murfin, ya zare tsohon fallen, ya gwada sabon. Ya ƙi shiga. Ya danna, ya ƙi. Hannunsa da kansa ya tafi aljihu. Ya shafa wa haƙoran mai sama da ƙasa, ya ɗiga kaɗan a ramin don ladabi, fallen ya zauna sumul. Ya kunna. Fanka ta juya, akwatin ya yi tsuwa kamar ɗan tsako, allo ya tsaya baƙi ƙirin.

Ana cikin haka sai ga Habboba da sandarta, ta lulluɓe da tobinta. Washegari za ta tafi Fau wurin 'yarta, da faifan take so ta tafi.

“Mijina, ina tsohon mijina?” in ji ta, ta zauna a kan buhu.

“Yana ciki, amarya. Hutawa yake.”

“A duhu? Da ransa ko rumfa ba ya shiga sai da fitila.”

Arzika mutum ne mai bin abu daki-daki. Ya fara da wutar bango, tana nan. Ya cire wayar allo, ya hure ta, ya mayar. Ya ɗauki allon ya kai shagon maƙwabci, a can ya kawo hoto garau. Ya dawo ya zare sabon fallen ya sa tsohon, wanda da safe yake aiki. Tsuwar ta dawo, allon bai motsa ba. A nan gumi ya karyo masa.

“Ba ni kaset ɗina in tafi,” in ji Habboba. “Rikodar Fau ba ta da girman kai.”

“Kaset ɗin ma yana hutawa.”

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Sai ta ja buhun kusa da akwatin, ta leƙa ciki. Hancinta ya motsa.

“Wa ke tuya a nan?”

“Ba kowa.”

Ta sa yatsa ta taɓa fallen da ke kan tebur, ta kai hanci, ta kai baki. “Man gidanmu ne. Kai, jikan Sharu, ka ɗauka gwiwata ce?”

Abdelrahman mai magani, wanda tun ɗazu yake jingine a ƙofa yana shan kallo, ya yi dariya har ya riƙe bango. “Ya zol, mutumina, da ka ƙara albasa da mun ci da gurasar kisra.” Ya ce shi dai abin da ya sani, mai ba ya barin fata sai da sibirto, irin na goge wurin allura. Amma a wannan zamani, da 'yan sandan tarbiyya ke shinshinar bakin mutane, ba ya sayar wa kowa sai ya san abin da za a yi da shi.

“Rantse ba sha za ka yi ba.”

“Abdelrahman, a gaban kakata?”

“Bar shi ya rantse,” in ji Habboba. “Wanda ya yi wa ƙarfe tausa, me ba zai yi ba?”

Arzika ya rantse. Aka kawo sibirto da auduga da tsohon buroshin haƙori. Ya wanke haƙoran fallen ɗaya bayan ɗaya, ya goge ramin har auduga ta daina fitowa rawaya, ya shanya komai a rana a kan tire, kusa da barkonon maƙwabta. Habboba ta sa shi ya zaro kwalbar daga aljihu ya damƙa mata, ta ɗaure a bakin tobinta.

Bayan la'asar ya harhaɗa. Wannan karon da ƙarfin babban yatsa ya danna sabon fallen, har ya ji ya ce ƙas. Ya kunna. Tsuwa ɗaya gajeriya, sai fararen rubutu suka hau allo. Bai tsaya murna ba, ya sa faifai, ya bi shi da ido har ya kai ƙarshe ya fito. Sannan ya buɗe muryar.

Sharu ya yi gyaran murya a cikin shagon, ya yi bisimilla. Habboba ta ja tobinta ta rufe baki, idonta ya cika. Muryar ta bi hanya gari bayan gari, har ta zo inda jakinsu ya tsinke da jakar gero kusa da Fashir. “Ni kaɗai na bi shi cikin ƙaya,” in ji Sharu, “na kamo shi.”

“Ƙarya yake yi,” in ji Habboba. “Yana ƙarƙashin bishiya yana riƙe da ciki. Ni na kamo jakin. Tsayar da shi.”

Arzika ya taɓa maɓalli, Sharu ya yi shiru a tsakiyar kalma.

Ta dubi allon, ta dubi jikanta. “Haka kawai ake tsayar da shi?”

“Haka kawai.”

“Tun ina amarya nake neman wannan maɓallin.” Ta gyara zama a kan buhu, ta fuskanci akwatin. “To, Sharu, saurara in gaya maka yadda aka yi.”